Kwalbar da Na Hana Baba

Da sunan Allah na ɗauki biron nan, shi ne kuma shaidata a kan abin da zan faɗa. Sadiya da Musbahu, ku nake rubuta wa. Lokacin da abin ya faru kuna Kademi wajen kakarmu, an kai ku can don kada ku riƙa ganin Baba a kwance, saboda haka duk abin da kuka sani a bakin mutane kuka ji shi. Da sallar da ta wuce na zo gida daga Ajingi inda nake aure, ke Sadiya kina wanke-wanke a bakin rariya, kika ce da ƙawarki wai yayarku ce ta ɓoye maganin Baba har ya rasu. Ba ki san ina tsaye a bayanki ba. Na juya na koma ɗaki na zauna. Na sha gwada ba da labarin nan da baki, sai muryata ta ɗauke a tsakiya. Shi ya sa na ce bari in rubuta, ku karanta a tsanake, sannan ku yanke abin da za ku yanke.

Kun san Baba mai injin niƙa ne a bakin kasuwar Gaya, amma ba ku yi wayon ganin yadda yake aiki ba. Yana da mayen ƙarfe zagayayye, mai rami a tsakiya, wanda ya ciro daga wata tsohuwar lasifika ya ɗaura masa igiya. Ba ya zuba hatsin kowa a inji sai ya fara tura shi cikin kwanon ya juya. Ƙusa, guntun waya, allura, duk ya sha fito da su. In kuma aka sa wa inji sababbin haƙora, to a cikin garin ma sai ya bi da shi, ya ɗago ya nuna wa wadda ta kawo niƙan baƙin gashin ƙarfen da ya manne, ya ce da ita da wannan cikin 'ya'yanta zai tafi. Mata suna yi masa tsiya cewa kafin ya gama bincike tuwon wani gida ya nuna. Yakan yi dariya ya ci gaba da abinsa. Ni kuwa sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa kuke ce mini Uwani, shi kuma tun da na buɗe ido ban taɓa jin ya kira ni da wani suna ba sai Uwata. Ku riƙe wannan, don da shi za ku gane abin da ya fi ci mini rai.

Yaya Auwalu shi ne ya yi karatu mai nisa a gidanmu, fannin haɗa sinadarai. Kafin ya tafi Indiya ƙaro karatu ya zo mana sallama, ya fito da wata 'yar kwalba daga aljihu, tsawonta bai wuce ɗan yatsa ba, an liƙe murfinta da gam. Ruwa ne a ciki baƙi wuluk kamar tawadar allo. Ya ce Baba ya ara masa mayen ƙarfensa. Yana kara shi a jikin kwalbar sai baƙin nan ya taso gaba ɗaya ya taru a gefe guda, ruwan ya koma fari tas. Ya ja sama ya bi shi, ya ja ƙasa ya bi shi. Umma ta ja da baya tana salati. Yaya ya ce sunan abin kabon nanotub. Wai sinadarin da ke cikin gawayi ne aka naɗe shi kamar yadda ake naɗe tabarma ya zama bututu, siririn da ido ba ya gani, sannan aka manna masa ƙurar ƙarfe. Ya ce abin da masu bincike suke nema shi ne su ɗora wa bututun magani, a sa shi a jini, a ja shi da mayen ƙarfe har kan ciwo, maimakon magani ya bi jiki duka yana zubar da gashi yana karya mutum. Wasu kuma so suke in ya isa wurin a ɗumama shi ya ƙone ciwon, wasu don hoton ciki ya fito sosai, wasu don a tsamo ƙwayoyin cuta daga jinin da aka ɗiba ko daga gurɓataccen ruwa. A kowace gaɓa sai ya ce wata rana. Ya faɗi wata ranar nan ya fi a ƙirga, amma a cikinmu ba wanda ya kama ta.

"Wato sana'ata ka kai jami'a," in ji Baba.

Ban taɓa ganin farin ciki a fuskarsa irin na ranar ba. Yaya ya bar masa kwalbar tsaraba, ya ja kunne cewa ta kallo ce, ba a buɗewa. Baba ya riƙa zuwa da ita inji yana nuna wa abokansa, daga baya ya ajiye ta a saman kabad ɗin ɗakinsa, kusa da turarensa na Juma'a.

Bayan kaka Baba ya fara ramewa. Da farko an ce gajiya ce da ƙurar gari, sai idanunsa suka yi ɗorawa, cikinsa ya fara ɗagowa ta gefen dama. Daga asibitin garinmu aka tura mu Kano, ni aka haɗa shi da ni saboda na gama sakandare, in likita ya yi Turanci zan tsinci wani abu. Ashe da Hausa zai faɗa mini, kuma a tsaye a baranda. Ya ce ciwon daji ne a hanta, ya riga ya yi nisa, abin da ya rage a ba shi maganin rage zafi a kai shi gida a kula da shi. Na shiga na ce da Baba an ce mu je gida ya huta. Ya dube ni, ya ce ya ji abin da likitan ya ce, ƙofar ba a rufe take ba. Muka kamo hanyar gida a mota har muka haye gadar Wudil. A nan ya juyo.

"Uwata, kwalbar yayanki tana nan inda na ajiye ta ko?"

Na ce tana nan. Tun kafin in rufe baki na gane inda ya dosa.

Muna isa gida na zagaya bayan ɗaki na kira Yaya. Na faɗa masa sunan ciwon, da ya ji zancen kwalba kuwa muryarsa ta canza. Ya ce babu ɗigon magani a cikinta, bututun ne kawai tsirara, ruwan da yake ciki ma na ɗakin gwaji ne ba na sha ba. Ya ce ko waɗanda suka fi shi nisa a aikin ba su kai ga ba wa mutum ba tukuna, a faranti suke gwadawa da jikin ɓeraye, domin abin yana iya maƙalewa a hanta ko huhu ya ƙi fita. Ya ce hantar da ta riga ta gaji ba za ta ɗauka ba, kuma wahalar da zai sha kafin ya cika sai ta fi ta ciwon. Ya roƙe ni in fitar da ita daga gidan. Sannan ya ce in kai wa Baba wayar. Baba ya saurare shi har ƙarshe, yana cewa to, to, ya sa masa albarka, ya miƙo mini. Da na kashe sai ya ce da Umma yaron nan tsoron malamansa yake ji, shi ya sa yake ja da baya. Ya ce shi ya ga abin da idonsa, kuma ba wanda zai koya masa halin mayen ƙarfe. Zai sha, a ɗaura masa nasa a gefen ciki ya tara abin a kan ciwon. In ya yi aiki, alhamdu lillahi. In bai yi ba, yadda aka ja shi ya shiga haka za a ja shi ya fito, ai abin da yake yi ke nan kullum a cikin garin mutane.

Washegari da ina shara na ɗauke kwalbar. Makullin inji yana hannuna tun da aka rufe shi, sai na kai ta can na naɗe a tsumma na tura cikin mazurarin hatsi. Da azahar Baba ya ce Umma ta miƙo masa ita, ta laluba saman kabad ba ta gani ba. Ina tsakar gida ina jin su. Da na so da na yi shiru an ce faɗuwa ta yi, amma na san ku ba kwa nan balle a ce yara ne, kuma ban iya yi masa ƙarya ba. Na shiga na durƙusa na ce ni na ɗauke. Ya ce to, in je in kawo. Na ce ya yi haƙuri. Ya sake faɗa a hankali, kamar yana zaton ban ji ba. Na ce ya gafarce ni, ba zan iya ba. Wallahi tun da nake ban taɓa ce masa a'a ba, ko a kan aike. Bai ɗaga murya ba. Ya daɗe yana kallona, sannan ya juya wajen Umma.

"Ki ce da yarinyar nan ta fita mini daga ɗaki."

Yarinyar nan. Daga ranar haka na koma. A lokacin ba abin da yake zama a cikinsa sai kunun tsamiya, kuma nawa ya fi so, don ina tace shi sosai. In na dama na kai sai ya kau da kai. In Umma ta ɗauki kofin nan dai ta kai, sai ya ɗan sha. Na riƙa damawa ina ajiyewa a bakin ƙofa kamar baƙuwa. In na gaishe shi ta labule yakan amsa sallamar, saboda wajibi ce, daga nan ba ƙari. Ina jin numfashinsa daga waje, ina jin lokacin da zafin ya taso yana danne nishi, ba ni da ikon shiga in gyara masa matashi.

Kada ku ga laifin Umma a abin da zan faɗa. Mijinta ne yake narkewa a gabanta. Ba ta zage ni ba, da ta zage ni ma da ya fi mini sauƙi. Takan same ni a madafa ta zauna a kan turmi ta yi magana ƙasa-ƙasa. Ta ce likitoci sun sallame shi, to me ya rage da za a ɓata? Ta ce mutumin da aka ce ya je gida ya jira, in ya ga abin da zai kama, wane ne zai fizge? Ta ce yayanku, don kun san ba ta faɗar sunansa, yana can wata uwa duniya yana ba da umarni ta waya, ba shi ke ganin idon babansa ba. Abin da na riƙe kawai muryar Yaya ce, da ɗan abin da na tuna a aji cewa duk abin da ya shiga jini hanta ce take fama da shi. Wata rana da ta tashi za ta fita sai ta tsaya a bakin ƙofa.

"In ya tafi da fushinki a ransa, Uwani, ina za ki sa kanki?"

Tambayar nan ita ta hana ni ci, ita ta hana ni barci. Ban ji tsoron mutuwarsa kamar yadda na ji tsoron ya mutu bai sake kirana ba. In na ba shi, na san abin da Yaya ya ce zai faru, kuma hannuna ne. In na hana, zan rayu da fushin uba wanda ba a dawowa a warware. Na sake kiran Yaya ina kuka na ce ya zo ya karɓi kayansa. Ya ce yana neman takardar tafiya, in daure. Daurewa da sauƙin faɗa daga nesa.

Ana cikin haka Gwaggo Tabawa ta iso daga Gafasa, yayar Baba, da ƙunshin kayanta da bakinta. Tun daga soro ta fara faɗa cewa an mayar da gida kamar an riga an yi rasuwa. Da ta ji labari sai ta dube ni sama da ƙasa ta ce ashe boko har taurin kai yake koyarwa, ita ta zaci iyakarsa sa mutum ya raina tuwon dawa. Amma da ta keɓe da ni sai ta ce ita ma ba ta yarda a ɗura wa ɗan'uwanta abin da mai shi ya ce guba ne ba. Dabararta ita ce a karɓo rubutu wajen malam, a sa tawadar ta yi kauri, a zuba a 'yar kwalbar turare mai kama da waccan, a ce na sauko. Ya sha ayar Allah, ransa ya kwanta, ni ma in samu shiga ɗaki. Na ce Gwaggo, zai gane. Ta ce ita ta goya shi, tun yana yawo ba wando ta san iyakar wayonsa. Na ce ni dai ba da ni ba. Ta ce ba a nemi hannuna ba, in tsaya a bakin ƙofa kawai in sunkuyar da kai kamar mutuniyar kirki.

Da hantsi ta shiga da kwalbar a tafin hannu, Umma a bayanta, ni a bakin labule. Ta ce ga shi, 'yarka ta ji kunya ta kawo. Na ga fuskarsa ta buɗe, har ya yunƙura ya zauna da kansa, abin da ya daɗe bai yi ba. Ya karɓa ya ɗaga wajen haske. Sai ya tura hannu ƙarƙashin matashi ya jawo mayen ƙarfensa da igiyarsa. Ba mu san yana kwana da shi ba. Ya kara a jikin kwalbar. Baƙin bai motsa ba. Ya juya ta ya sake karawa, ya girgiza, ya sake. Ya ajiye kwalbar a kan tabarma a hankali.

"Yaya Tabawa, ciwo ne da ni a ciki, ba a ka ba."

Bai ƙara kallonta ba, ni ya kalla ta gefen labule. Ya ce hanawa daban, yaudara daban. Na so in ce ba ni ba ce, amma ai a tsaye nake a wurin, na kuma sunkuyar da kan. Ya ce shi ba zai yi mini baki ba, Allah ya tsare, amma yana da haƙƙi a kaina, kuma akwai inda za a tsayar da mu a tambaye mu. Ya koma ya kwanta.

Ban san lokacin da na ɗauki hijabi da makulli ba. Na bi ta cikin kasuwa rana tana tsaka, mutane suna tambayata mai jiki ina amsawa ban san me nake cewa ba. Na buɗe inji, warin tsohon gari da baƙin mai ya buge ni, na tura hannu cikin mazurari na jawo tsumman. A raina na riga na sallama, zan kai masa, abin da zai faru ya faru. A hanyar dawowa na biyo ta layin mahauta. Wani yana yanka hanta a kan teburi, tana sheƙi, jini yana tsattsafowa daga ƙananan ramukanta. Na tsaya ina kallo har ya ce 'yammata, saye za a yi ko duba? Maganar Baba ce ta dawo mini, cewa yadda aka ja ya shiga haka za a ja ya fito. Na ce ya yanko mini mai kauri.

Na shiga ɗakin ba tare da an ba ni izini ba. Na durƙusa na ajiye tasa da hantar a ciki, da wuƙa, da kwalbar gaskiya. Ya kara mata mayen ƙarfe, baƙin ya taso ya taru. Ya gyaɗa kai.

"Baba, ba ka taɓa zuba hatsin kowa a inji ba ka gwada ba," na ce. "Ka gwada a wannan. In ka janye shi ya fito duka, da hannuna zan zuba maka a kofi."

Ku sani, ban san abin da zai faru ba. Ban tambayi Yaya ba, na san zai ce kada a buɗe. Ban taɓa ganin an yi ba. In da abin ya fito tas, to na yi alkawari a gaban Umma da Gwaggo, kuma da na cika.

Ya ce a ɗaga labule haske ya shigo. Gwaggo ta tallafe shi ta baya. Hannunsa yana rawa amma da ya riƙe wuƙa sai ya tsaya. Ya tsaga hantar a tsakiya, ya kankare gam ɗin murfin, wani wari mai hawa ka ya fito har Umma ta toshe hanci da gefen mayafi. Ya tsiyaya kamar rabi a cikin tsagar ya matse bakinta. Ya ce a jira, ai in mutum ya sha ma ba nan take ake janyewa ba. Muka jira. Ƙudaje suka fara zuwa ina korarsu. Da ya ga ya isa sai ya buɗe tsagar ya kawo mayen ƙarfe. Baƙi ya taso ya manne a jikinsa, muna gani. Umma ta ce alhamdu lillahi da ƙarfi. Ni kuwa na fara lissafin wane kofi zan ɗauko. Ya goge a tsumma ya sake bi, wani ya ƙara fitowa, kaɗan. Ya sake, ya sake, har ya zama ba abin da yake tasowa. Umma ta ce shi ke nan, ai ya fito.

Ya ɗauki wuƙa ya yanka hantar ta wani gefen, ya buɗe. Cikin tsagar duk ya rine, baƙin ya kama naman, ya shiga ƙananan ramukan nan ya zauna. Ya danna mayen ƙarfe a kai har naman ya lotsa, ya ɗago. Ba abin da ya biyo shi. Ya ce in zuba ruwa, na zuba, ya cuɗa da bayan wuƙa, ya sake dannawa. Baƙin yana nan. Ya daɗe yana kallon tasar. Na ga lokacin da kafaɗunsa suka sauka.

"Da garin wata ne," ya ce, "da na ce ta zubar."

Ya ce a haƙa rami mai zurfi a bayan gida, gindin darbejiya, a binne hantar da tasar da wuƙar da kwalbar gaba ɗaya, kada kaji su tona. Ya ce kowa ya wanke hannu da sabulu. Ni na haƙa, ni na binne. Suna nan har yanzu, shi ya sa na sha hana ka, Musbahu, yin shuka a wurin. Da na dawo ya juya fuska bango. Umma ta tare ni a tsakar gida, idonta a bushe, ta ce na ji daɗi, abu ɗaya da yake tashinsa zaune na kashe masa shi.

Ba zan ce muku ƙarya ta yi ba. Kafin ranar yakan tambayi labarin inji, yakan ce in ya tashi zai sauya wa injin bel. Bayan ranar bai sake ba. Jikin ya yi ƙasa da sauri. Ko ciwon ne ya kai inda zai kai, ko ran ne ya saki, Allah kaɗai ya sani. Umma ta tafi a kan cewa da an bar shi da sa ransa, da ya kai zuwan Yaya. Yaya ya sauka an riga an kai shi. Har yau in na je gida tana amsa gaisuwata, tana karɓar jikanta ta goya, amma ba ta zama a inda nake ita da ni kaɗai. Ban ce ku je ku yi mata gardama da takardar nan ba. Ku bar ta. Yaya kuma yana can yana aikinsa, ya ce an ci gaba, sun fara iya lulluɓe bututun da abin da jiki ba ya ƙi. Ina yi masa fatan alheri, ina fatan uban wata ya amfana. Amma in ya fara cewa wata rana, sai in ce masa yaro yana kuka in kashe wayar. Mayen ƙarfen yana wurina. Ina bi da shi cikin dawa kafin in aika niƙa, kuma har yanzu in ya kamo wani abu baƙi sai in tuna da tasar nan.

Saura abu ɗaya, wanda Umma ba ta gani ba don ta fita karɓar 'yan dubiya, Gwaggo ce kawai shaida, kuna iya zuwa Gafasa ku tambaye ta. Ana saura kaɗan ya rasu, da safe, na dama kunu na ajiye a bakin ƙofa yadda na saba. Gwaggo ta ɗauka ta shiga. Na ji ya yi magana, muryar ta shige ciki sosai, ban kama ba. Sai Gwaggo ta ɗaga labule da kofin a hannunta ta ce wai in shigo, an ce wanda ya dama shi zai bayar. Na shiga na durƙusa. Na ɗebo a cokali na kai bakinsa, rabi yana zuba a kan rigarsa. Ya haɗiye da ƙyar. Ya ɗago ido ya dube ni.

"Taurin kan mai sunanki kika ɗauko," ya ce. "Ita ma haka ta riƙa yi mini."

Na sake ɗebowa, ya girgiza kai alamar ya ƙoshi. Na yunƙura zan tashi in ba shi wuri, sai na ji yatsunsa a kan gefen hijabina.

"Zauna, Uwata. Ina za ki?"